Buhun Baba Bai Cika Ba

Sallama gare ku masu bibiyar labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto cewa ni ce matsalar kaina, wai in namiji irin Mas'ud ya tsaya a ƙofar gida ba a jan aji. Na ji, na gode. Amma ki ɗan dakata ki ji abin da na ɓoye muku tun farko, sai ki yanke mini hukuncin da kika ga dama.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Lubabatu, shekarata ashirin da biyar, a Tudun Wada nake. Babana shi ne Malam Jibrin mai maɗaba'a. Mas'ud kuwa ɗan Bebeji ne, yana aiki a Kano a wani wuri da ake haɗa farantin bugu, wato fallen ƙarfen da ake ɗaura wa inji ya buga rubutu. Wata takwas ke nan yana neman izinin turo magabatansa, wata takwas ina ce masa ya bari tukuna. Kuma wallahi ina son sa, kada ma ku yi wani tunani.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba: Baba ba ya gani sosai. Shekara biyu ke nan. Ya san hanyar shago, ya san muryar kowa, yana gane takarda da taɓawa, shi ya sa babu wanda ya lura. Bai taɓa furtawa ba, ni ma ban taɓa furtawa ba, ko a gaban Umma.

Abin da aka san shagonmu da shi, daga Kiru har Doguwa, shi ne buga littattafan malamai na rubutun hannu, haruffa da baƙar tawada, wasali da ja. Injinmu launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, don haka kowane bugu faranti biyu yake so, na baƙi da na ja. Kafin a kai ga farantin sai an ɗauki hoton shafi a fim. Shi kuma fim ba ya bambance ja da baƙi. Sai mutum ya zauna a teburin gilashi mai fitila a ƙasa, ya ɗauki ɗan siririn burushi da wani jan magani, a fim ɗaya ya toshe wasali ɗaya bayan ɗaya, a ɗayan ya toshe haruffan. Sannan a jera su da salatif yadda jan zai faɗa daidai kan harafinsa. Mutane suna cewa idon Malam Jibrin ba ya kuskure. To, shekara biyu idon Lubabatu ne.

Yadda muke yi, ni da shi, abin dariya ne da ban tausayi. Ina gama fim sai in miƙa masa, ya ɗaga shi wajen taga, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ya yi." Wata rana, don in tabbatar, na miƙa masa shi a juye, sama a ƙasa. Ya ɗaga, ya daɗe, ya ce, "Ya yi." Na shiga ɗakin duhu na kulle ƙofa na yi kuka mai isata, na fito na ce maganin wanke fim ne ya shiga idona.

Yanzu ki faɗa mini, 'yar uwa mai saƙo, in na tafi Bebeji wa zai zauna a teburin nan? A mako guda asirin Baba zai tonu a gaban malaman da suke tashi tsaye in ya shigo.

Akwai kuma buhu. Kafin ja ya hau kan baƙi daidai, sai Sale, mai tuƙa mana inji tun ina goye, ya ɓata takarda ɗari biyu ko fiye, yana matsa faranti yana sassautawa. Sauran masu bugu sayar wa masu ƙosai da tsire suke yi. Baba ba ya yi, don takardunmu ɗauke suke da sunan Allah. Buhu yake da shi na musamman, kowace takardar da ta lalace a ciki take shiga. Bayan la'asar ya ɗauka da kansa zuwa wani rami a bayan gidanmu, ya ƙona, ya rufe tokar da ƙasa. Wannan aikin ne kaɗai har yau bai bar wa kowa ba.

Ran Litinin da ta wuce Goggo Tasalla, yayar Baba, ta dira daga Tiga da busasshen kifi a baho. Atamfarta ruwan ganye, ɗaurin ɗankwalin nan nata da ke karkata gefe in da magana a bakinta. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta kama hannuna ta juya shi.

"Dubi yatsun budurwa, don Allah. Wannan ai ko lalle ba zai kama ba. Ke da aure sai an yi miki wankan toka."

"Goggo, sannu da hanya."

"Riƙe sannunki. Uwar yaron nan ta tare ni a gidan suna a Bebeji, ta ce ko wani laifi ɗansu ya yi? Na rasa abin cewa. Ba kya son sa ne?"

Na sunkuyar da kai.

"To kina so. Ubanki ya ce shi ba zai matsa miki ba. Ni zan matsa. Me ke cikin ɗakin duhun nan da ya fi ɗakin miji?"

A raina na ce, ƙaninki ne a ciki, Goggo. A fili kuwa na ce bari in ɗora mata ruwan shayi.

Ina kicin wayata ta yi ƙara, saƙon Mas'ud ne.

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Mai sayar muku da fim ya ce daga wannan watan ya daina kawowa. Kowa ya koma CTP, ba mai saya."

Ga shi kuwa aikin Malam Sha'aibu na Kiru yana kan teburina, littafin addu'o'in da mahaifinsa ya rubuta da hannunsa, shafi casa'in da shida. Fim ɗin da ya rage mana bai kai rabinsa ba. Amma ni da son sanin abu, maimakon in yi kuka sai na rubuta:

"Wai shi CTP ɗin nan da kake ta yi mini waƙarsa, in babu fim, ta ina hoton yake bi ya hau farantin?"

"Daga kwamfuta kai tsaye."

"Ta yaya? Ai sai haske ya ratsa wani abu."

"Ki zo ki gani. Ki taho da shafi takwas a filashi. Ki taho da Goggo ma, na ji ta zo."

"Wa ya gaya maka ta zo?"

"Ita."

Kun ji fa. Ashe har lambarsa gare ta.

Ran Talata na ɗauki shafi takwas na farko a sikanar da muke aikin katin biki da ita. Asalin littafin ban fitar da shi daga shago ba, amana ce. Laraba da safe na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi baƙi, na canza zuwa ruwan hoda, na sake komawa ruwan tokar don kada a ce na yi kwalliya. Na ce wa Baba za mu je neman fim, kuma da gaske na yi niyyar nema. Tun daga tasha har Kwanar Dangora Goggo tana lissafa mini 'yan matan da aka haifa bayana suka yi 'ya'ya uku uku. Ni hankalina yana kan tambaya ɗaya, ta ina hoton yake bi.

Mas'ud ya tare mu a bakin ƙofa cikin shadda ruwan ƙasa, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Goggo. Ta ce, "Tashi ɗan albarka," da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

Abin da ya fara ba ni mamaki, wurin ba ya wari. Ni na saba in an ce haɗa faranti, to hanci zai sha yaji. Nan sai sanyin na'ura da fitila tar ko'ina. Na waiga ina neman ɗakin duhu.

"Babu," in ji shi, kamar ya ji tunanina. "Mun mai da shi wurin salla."

Ya sa filashina a kwamfuta. Rubutun mahaifin Malam Sha'aibu ya fito ƙato a allo, har ana ganin inda alƙalami ya ɗan yi tsalle. Ya danna nan, ya danna can, sai ga jan ya ware gefe guda shi kaɗai, baƙin ya tsaya shi kaɗai. Aikin da nake kwana uku ina yi da burushi, wuyana kamar zai karye.

"Tsaya," na ce. "Maimaita."

Ya maimaita.

"In jan ya dushe fa, kamar nan ƙasa? Za ta ɗauka baƙi ne?"

"Wani lokaci tana ɗauka. Shi ya sa sai da mai ido a kusa. Ga linzamin kwamfutar, gyara da kanki."

Na zauna. Na tarar da wasali huɗu da na'urar ta kai gidan baƙi, na mayar da su gidansu. Raina ya ɗan yi sanyi da na ga ba komai ta sani ba.

Sannan ya kai mu gaban ita kanta na'urar. Wata doguwar akwati ce fara, ba ta da wani kwarjini. Ya zura mata farantin da babu komai a kansa, ta ja shi ciki. Ya ce a ciki akwai wani siririn haske da ya fi gashi kauri kaɗan, shi ke bin farantin yana zana rubutun ɗigo ɗigo, yadda kwamfuta ta gaya masa. Babu fim da zai miƙe don zafi ko ya motsa a ƙarƙashin salatif, babu ƙurar da za ta zauna a gilashi ta zama ɗigon da malam bai rubuta ba. Na kara kunnena a jikinta ina sauraro. Goggo ta ce, "Ke, mijin za ki saurara ko injin?"

Kafin Goggo ta gama shan lemon da aka kawo mata, faranti biyu sun fito. Mas'ud ya nuna mini wasu 'yan ramuka a bakin kowanne.

"Wuri ɗaya aka huda su duka biyun. In Malam Sale ya daidaita na farko, na biyun a gurbinsa zai zauna."

Ya ba ni madubin ƙara girma. Na duba wata 'yar siririyar fataha da na san a fim sai ta cinye ko ta kumbura. Tana nan yadda mai ita ya ja ta shekara sittin da suka wuce, har da 'yar ƙugiyar ƙarshenta. Ban san lokacin da na ce "Ikon Allah" ba.

Goggo ta fita alwala. Mas'ud ya rage murya.

"Lubabatu, in tambaye ki? Tun yaushe Baba ya daina zama a teburin?"

Na ajiye madubin.

"Wa ya ce ya daina?"

"Ranar da na fara zuwa shagonku na ga fim biyu a rataye, tsoho da sabo. A tsohon, shafar burushi daga dama take gangarowa. A sabon daga hagu. Baba ba bahago ba ne. Yanzu kuma na ga hannun da kika kama linzami da shi."

Jama'a, ni bahaguwa ce. Goggon nan da kanta ta raba ni da hagu da bayan ludayi tun ina 'yar shekara huɗu. Da dama nake ci, da dama nake rubutu, da dama nake miƙa abu. Amma burushi ya ƙi dama, kuma a teburin babu mai kallona. Ashe wata takwas mutumin nan ya sani, yana ta karɓar "bari tukuna" bai ce uffan ba. Kunya ta kama ni, haushi ya kama ni, wani abu mai daɗi kuma ya taso mini a ƙirji, duk a lokaci guda.

"Ba sai kun sayi na'urar ba," ya ce. "Ko mu nan haɗuwa aka yi aka saya. Ki gyara aiki a kwamfuta, ki turo ta waya, a sa faranti a motar Tudun Wada, kafin azahar yana hannun Malam Sale. Kuma kwamfuta ba ta damu da ko a Tudun Wada kike zaune ko a Bebeji ba."

"Tallan na'ura kake yi ko tallan kanka?"

"Duk wanda aka saya, na gode."

A hanyar dawowa farantan suna kan cinyata, an naɗe su a kwali. Goggo ta yi barci. Ni kuwa ina ta saƙa yadda zan yi. Baba ya sha cewa abin da hannu bai taɓa ba, ba ya amsa sunansa a kai. Sai na yanke shawarar da na ɗauka dabara ce: zan buga ba tare da ya sani ba, in miƙa masa takarda, ya ɗaga wajen taga ya ce ya yi. In abin ya ɗore, sai in san yadda zan lallaɓa shi daga baya.

Alhamis abokansa suka ɗauke shi zuwa ɗaurin aure a Riruwai, Goggo ta bi su. Na ba Sale farantan. Ya juya su, ya leƙa ramukan, ya kalle ni, ya ɗaura na baƙi. Muka buga baƙi da safe. Bayan azahar ya ɗaura na ja, ya gyara tsayuwa irin ta wanda ya shirya wahalar awa guda, ya tada inji. Takarda ta shida ya zaro, ya kai ta bakin ƙofa, ya dawo, ya sake zaro wata.

"Luba, ya hau fa."

"Tun yanzu?"

"Wallahi ya hau. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa ganin ja ya zauna da wuri haka ba."

Muka gama kafin la'asar. Na share shago, na jera bugun, na ɓoye kwalin Kano a bayan kabad. Ina ta yaba wa kaina wayo. Komai na tuna, ban da abu ɗaya.

Baba ya dawo da babbar rigarsa fara, Goggo na biye da shi da ƙunshin alawar biki. Ya ji ƙamshin tawada, ya ce, "Har kun buga?" Na miƙa masa takarda. Ya ɗaga wajen taga, ya daɗe, ya ce, "Ya yi." Na saki numfashi.

Sai ya ce, "Sale, miƙo mini buhun."

Ni da Sale muka kalli juna. Ya ɗauko ya miƙa. Baba ya sa ƙarfi irin na mai ɗaga kaya, buhun ya taso fayau, har ya ɗan yi baya. Ya tsaya. Ya zura hannu ciki, ya fito da abin da ke ciki, ya ƙirga da yatsa. Goma sha huɗu.

"Ina sauran?" Muryarsa ta canza. "Sale, ka ba masu ƙosai sunan Allah?"

"Subhanallahi! Malam, wallahi iyakarsu ke nan."

Baba ya juya. Ya taka zuwa inji, ya shafa farantin da ke ɗaure, ya bi bakinsa da yatsa har ya kai kan ramukan nan. Ya daɗe a wurin.

"Lubabatu."

"Na'am, Baba."

"Wannan ba aikin hannunki ba ne."

Hannunki ya ce. Bai ce hannuna ba. Shekara biyu muna zagaye kalmar nan, yau ta fito a gaban Sale da Goggo. Na durƙusa, na faɗa masa komai, tun daga fim da ya ƙare har na'urar da hasken da ke cikinta. Ina magana ina kuka, amma ku ji halina, har da bayanin yadda kwamfuta ke ware ja.

Goggo ta ce, "Wai me ake ciki ne? Jibrin, hannun wa?"

Baba ya zauna a kan benci, buhun a cinyarsa.

"Yaya, ba na gani. Shekara biyu. Yarinyar nan ce idona, kuma na san abin da ya sa take korar ɗan mutane. Na sani, na yi shiru, don in ci gaba da jin ana cewa idon Malam Jibrin." Ya shafa takardun. "Duk yamma ina ƙona sunan Allah ɗari biyu, ina ganin ladabi nake yi. Ashe akwai hanyar da ba sai na ƙona ba."

Goggo ta zauna a ƙasa da atamfarta, ta rufe fuska da mayafi.

"Ki ce wa yaron ya turo manyansa," in ji Baba. "Ki ce kuma ina so ya kai ni in taɓa na'urar nan da hannuna."

Na ɗauka an gama. Har zuciyata ta fara guɗa. Sai ya miƙe, ya naɗe buhun a hammata, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Gobe bayan Juma'a Malam Sha'aibu zai zo duba shafukan farko, kamar yadda ya saba. Littafi uku na karɓi godiyarsa a kan aikin da ban yi ba. Zan gaya masa wa ya yi su."

"Baba, in ya janye fa? In ya janye, duk malaman Kiru za su bi shi."

"Zan gaya masa har da hannun da kika yi su da shi. Ni makaho ne, amma ina jin ta gefen da gwiwar hannunki ke buga tebur."

Ya fita zuwa ramin da takardunsa goma sha huɗu. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Mas'ud ne: "Ya ake ciki, jan ya hau?"

Na rubuta masa, "Ya hau." Na tsaya ina kallon yatsuna na hagu, jan maganin nan har ƙarƙashin farce. Gobe Malam Sha'aibu zai kalle su, kuma Baba ya ce kada in sa safar hannu.